Abin da Tsohon Ya Binne a Bayan Madafa

Akwai wani tsoho a wani ƙaramin gari, sana'arsa ja wa mutane wayar lantarki a gidajensu. Ba a cikin bangaskiya aka haife shi ba. Iyayensa masu tsafi ne, shi kansa ma da ƙuruciya ya sha riƙe wa ubansa ƙafafun jan zakara a gindin tsamiya. Da ya ji bishara ya tuba, ya kwaso layunsa ya ƙone a gaban jama'a, aka yi masa baftisma a rafi. Shekara arba'in ya yi yana bin Ubangiji, ba wanda ya taɓa kama shi da abin zargi. Amma kun san halinmu. Allah yakan gafarta ya shafe, mu kuwa mukan gafarta mu adana. Har ya yi furfura, in an ambaci sunansa sai wani ya rage murya ya ce, “Ai ɗan gidan masu tsamiya ne.”

Sa'ad da ya gina gidan kansa, da hannunsa ya ja wayar. Ku ba ni kunnenku a nan, gama wanda bai gane aikin ba, ba zai gane misalin ba. A kowane ɗaki akwai ɗan akwatin ƙarfe da ake binnewa cikin bango, a kansa ake ɗaura makunni ko soket, murfinsa ma na ƙarfe ne. Waya uku ke shiga cikinsa. Biyu su ne masu aiki, ɗaya ta kawo wuta, ɗaya ta mayar. Ta uku kuwa koriya ce, ba ta kunna fitila, ba ta juya fanka, ko ka cire ta ba abin da zai daina aiki. Shi ya sa masu aikin ganin ido sukan naɗe ta su cusa a lungu, su rufe murfi su yi gaba. Tsohon nan ba haka yake ba. Akwati bayan akwati ya bi, yana kankare ƙarfen har ya yi ƙyalli, yana ɗaure koriyar wayar da noti tam a jikinsa.

Duk korayen wayoyin ya haɗa su wuri guda, ya huda bango ya fitar da su bayan madafa. A nan ya haƙa rami iyakar ƙugunsa, ya kafa doguwar sanda ta jan ƙarfe, ya ɗaure wayar a kanta, ya zuba gawayi da gishiri, ya mayar da ƙasa. Gawayi da gishirin don wurin ya riƙe laima ne, domin busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta yadda ya kamata. Amfanin abin kuwa ga shi. Ran da waya mai wuta ta ɓare ta taɓa jikin akwati, wutar za ta bi koriyar nan ta gudu cikin ƙasa, fis, wato siririn zaren wayar da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, ya ƙone, wutar gida ta ɗauke, amma kowa ya tsira da ransa. In babu ita, wutar sai ta zauna shiru a jikin ƙarfen tana jiran hannun da zai fara zuwa. Saboda haka kowace Asabar da safe, muddin rani ne, tsohon yakan ɗauki bokitin ruwa ya kwarara a wurin.

To, yana da ɗa guda ɗaya tilo. Lokacin da ake wannan aiki ɗan yana can ƙauye wajen kawunsa yana noma, bai ga haƙar ramin ba, bai kuwa koyi sana'ar ubansa ba. Da ya dawo ya auri wata mace mai haƙuri, sunanta Afiniki, suka haifi 'ya suka sa mata Zilfa, shi ya sa kowa ke ce masa Baban Zilfa. Mutum ne mai himma. Shi ke riga kowa zuwa sujada, in ya buɗe baki yana addu'a har tantabarun rufin majami'a sukan tashi. Ba ba'a nake masa ba, da gaske yake ƙaunar Ubangiji. Sai dai akwai wani tsohon miki a zuciyarsa. Tun yana ƙarami tsararsa ke kiransa jikan matsafa, ya girma yana jin kunyar asalin ubansa, kullum yana so duniya ta shaida shi ba ruwansa da tsamiya.

Sai ya zama kowace Asabar yana ganin tsohon ya sunkuya a bayan madafa, yana zuba ruwa a wurin da ba shuka ba bishiya, leɓunansa suna motsi. Waƙar sujada yake rerawa a hankali, kamar yadda tsofaffi kan yi in suna aiki. Amma ɗan bai matso kusa ya ji ba. Ya ga ana zuba ruwa a ƙasa, ya tuna labarin giyar da kakanninsa ke zubawa a gindin itace, ya ɗauka tsohon tsafi ya koma.

Wata Asabar tsohon ya ɗaga kai ya gan shi tsaye, ya murtuke fuska yana kallo. Ya ce masa, “Zo, ɗana, in nuna maka abin da ke ƙarƙashin nan. Wata rana kai za ka riƙa yi.”

Ɗan ya amsa ya ce, “Allah ya sawwaƙe mini, Baba. Abin da ka ce ka baro, ka bar shi a can.”

“Aikin wuta ne fa.”

“Kowane abu da sunan da ake laƙaba masa. Ni dai ba na so in sani.”

Tsohon ya tsaya da bokiti a hannu ya dube shi. Duk abin da mutanen gari suka faɗa a kansa shekara arba'in bai yi masa zafi kamar wannan ba. Da ya so, da ya kama hannun ɗan ya jawo shi, ya tona ƙasar ko taƙi ɗaya ya nuna masa wayar, ya bi da shi ɗaki ɗaki. Bai yi ba, zuciya ta hana shi. A nan kam na ga laifinsa, ko da yake ina jin tausayinsa ƙwarai. Ya ce a ransa, in ɗan cikina ma haka ya ɗauke ni, to, Allah shi ne shaidata. Ya ajiye bokitin ya shige ɗaki, bai ƙara ta da maganar ba.

Bayan shekara biyu ciwo ya kwantar da shi. Da ya ga jikin ba na tashi ba ne, ya kira surukarsa ya ce, “'Yata, wurin nan na bayan madafa, kada ki bari ya bushe da rani. Aikin wuta ne, tsare ku yake yi. Mijinki ba zai ji daga bakina ba.”

Ta ce, “To, Baba, na ji.”

Afiniki ba ta san yadda jiƙaƙƙiyar ƙasa ke tsare mutum daga wutar lantarki ba, amma ta san mutumin. Shekara shida tana kai masa tuwo ɗakinsa, ba ta taɓa tarar da shi da komai ba sai addu'a da gyaran tsofaffin rediyo. A cikin makon nan ya rasu. Ɗan ya yi kuka mai yawa a bakin kabari, mutane suka ce lalle yana ƙaunar ubansa. Yana ƙaunarsa kam. Abin da ba su sani ba shi ne, rabin kukan na tsoro ne, gama a ransa bai tabbata inda tsohon ya tafi ba.

Ita kuwa Afiniki ta yi dabara irin ta matan da ba sa son gardama. Ba ta ɗauki bokiti ran Asabar ba. Wurin wankinta kawai ta mayar bayan madafa, duk ruwan ɗauraya a nan take zubarwa. Rani ya wuce wurin bai bushe ba, mijinta kuma bai ga abin magana ba.

Da damina ta sauka, ɓera ya bi bututun waya ya shiga akwatin makunnin da ke bangon madafa, ya gaigaye robar waya mai wuta har ƙarfenta ya fito. Ba wanda ya gani, gama cikin bango ne. In bangon ya sha laima, ko aka bugo ƙofa da ƙarfi, sai tsirarar wayar ta taɓa jikin akwati. Nan take wutar ta bi koriyar waya ta shige ƙasa, fis ya ƙone. Baban Zilfa yakan leƙa waje ya ga maƙwabta da wuta, gidansa kaɗai babu. Sai ya kashe babban makunni, ya ɗaura sabon zaren waya a fis, wannan kam kowa ya iya. Kwana biyu, uku, ya sake ƙonewa.

A cikin daminar nan awakinsa biyu suka mutu, masararsa ta yi rawaya a gefen kwari, Zilfa kuma ta kwanta da zazzaɓi. Ku gaya mini, wane gida ne ba a zazzaɓi da damina? Wace shekara ce akuya ba ta mutuwa? Amma mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki. Ya tattara awaki da masara da zazzaɓi da fis ya ɗaure su dami ɗaya, ya ce duk daga wuri guda suke fitowa. Abin da ubansa ya binne ne, tun da mai shi ya mutu ya fara neman haƙƙinsa a wurin masu rai.

Ya yi azumi kwana uku. Ran Asabar da safe ya ɗauko fartanya da adda ya nufi bayan madafa. Afiniki ta sha gabansa, ta durƙusa ta ce, “Baban Zilfa, don girman Allah ka dakata. Baba ya gaya mini aikin wuta ne.”

“Haka zai gaya miki mana. Ashe shi ya sa kika mayar da wankinki nan?”

“To ka je ka tambayi Baba Kefas. Tare suka yi sana'a shekara da shekaru, gidansa ma nan ne bayan kasuwa. Matambayi ba ya ɓata.”

Ya ce, “Abokinsa zan tambaya? Me kike tsammani zai ce? Ki matsa mini, yau zan 'yantar da gidan nan.”

Ya fara haƙa. Bai yi nisa ba ƙasar ta koma baƙa ƙirin, gawayi ya fito. Ya dangwala yatsa ya ɗanɗana, ya ji gishiri. Ya ci gaba har ya kai ga kan sandar, ta yi tsanwa saboda daɗewa, ga kuma waya ɗaure da ita ta miƙe ta shige bangon gidansa. Ya ta da murya ya ce, “Kin gani? An ɗaure gidan nan, an kafe shi a ƙasa kamar akuya!” Ya ɗaga adda ya sare wayar sau ɗaya. Ya jijjige sandar har ta fito, ya kai ta rafi ya jefa. Ya kwashe gawayin ya ƙone, ya cike ramin da busasshen yashi, ya durƙusa a kai ya yi addu'ar godiya da hawaye. Afiniki tana tsaye a ƙofar madafa ta yi tagumi.

Ga shi kuwa, daga ranar fis bai ƙara ƙonewa ba. Yaya zai ƙone, tun da an toshe wa wutar hanyar gudu? Laifin yana nan cikin bango yadda yake, abin da ke tona shi ne kawai aka kawar. Zilfa ma ta warke, gama dama tana shan magani. Baban Zilfa ya ga fitilunsa suna ci ba yankewa, ya ga 'yarsa tana wasa a tsakar gida, ya ce lalle Ubangiji ya amsa.

Ran Lahadi ya miƙe a gaban ikilisiya ya ba da shaida. Ya faɗi gawayi, ya faɗi gishiri, ya faɗi sandar da wayar. Sa'an nan ya faɗi maganar da ta fi kowace muni, ya ce, “Mahaifina ya mutu da ƙafa ɗaya a majami'a, ɗaya a gindin tsamiya. Amma ni na yanke igiyar.” Majami'a ta ɗauki tafi da halleluya. Waɗanda suka daɗe suna rage murya in an ambaci tsohon suka dubi juna suka gyaɗa kai. Ba na cika baki, da ina wurin, da wataƙila na tafa tare da su. Baba Kefas, wanda shi kaɗai zai iya tsayar da maganar, ciwon ƙafa ya hana shi zuwa sujada tun farkon damina. A layin mata kuwa mace ɗaya ce ba ta tafa ba.

A cikin makon Afiniki ta taɓa makunnin madafa da busasshen hannu, tana sanye da silifa, ta ji ya ɗan cije ta. Ta gaya wa mijinta. Ya ce ragowar fushin magabci ne, ya ɗora hannu a bangon ya tsauta masa. Ita kuwa ta ƙudura a ranta ran kasuwa za ta ratse gidan Baba Kefas ita da kanta ta tambaya. Kasuwar garin ran Alhamis take ci.

Ran Laraba da safe aka tashi da ruwa. Da ya ɗan tsagaita ta wanke daɓen madafa, ta tuɓe silifanta a bakin ƙofa don kada ta ɓata inda ta wanke. Hadari bai gama washewa ba, madafar ta yi duhu, ita kuwa tana so ta tsince shinkafa. Ta miƙa jiƙaƙƙen hannunta ga makunni.

Baban Zilfa yana tsakar gida yana wasa fartanya, ya ji ƙarar faɗuwar kwano. Ya ce, “Maman Zilfa?” Shiru. Ya sake kira, shiru. Da ya leƙa ya gan ta jingine da bango, hannunta a manne da murfin ƙarfen, shinkafa ta watse a jiƙaƙƙen daɓe. Ya ruga ya kashe babban makunni, ta sulale ƙasa. Ya ɗauke ta a kafaɗa ya fita yana kururuwa, maƙwabta suka kawo mota. Kafin su kai asibiti rai ya yi halinsa. Matar da ta roƙe shi a durƙushe ya dakata, ita ce wutar ta samu. Zilfa tana da shekara biyar, ranar ta yini tana tambaya yaushe Mama za ta dawo ta gama dafa shinkafar.

Kwana uku bayan jana'iza Baba Kefas ya zo ta'aziyya, yana dogara sanda. Bayan gaisuwa ya ce a nuna masa wurin. Ya tabbatar an kashe wuta, ya kwance murfin makunnin, ya ga inda ɓera ya gaigaye. Ya ga kuma koriyar waya ɗaure tam a jikin akwatin, ya shafa ta da yatsa ya ce, “Wannan hannun abokina ne. Aikinsa ba ya kashe mutum. Mu je in ga inda ta sauka ƙasa.”

Suka zagaya bayan madafa. Guntun wayar yana leƙe daga bango, da sawun adda a bakinsa. Tsohon ya dube shi, ya dubi yashin da aka cike ramin da shi, ya ce, “Wa ya yanke wannan?”

Baban Zilfa ya ce, “Ni ne, Baba. Tsafi ne na tone.”

Baba Kefas ya nemi wuri ya zauna a kan turmi. A hankali ya bayyana masa aikin sandar da gawayi da gishiri, kamar yadda na bayyana muku da fari. Sa'an nan ya tambaye shi, “Kafin ka yanke, fis yana ƙonewa?”

“Yana ƙonewa, Baba.”

“Sau nawa?”

“Ya kai sau goma.”

“To, ɗana, sau goma ubanka ya tsare ran mutanen gidan nan, yana kwance cikin kabarinsa.”

Baban Zilfa ya dubi guntun wayar da ya sare. Ya zube a kan yashin da ya cika da hannunsa, ya kifa fuska a ƙasa, ya yi kuka irin wanda ba a rarrashi. Baba Kefas ma bai rarrashe shi ba, shi ma kukan yake yi.

Da Lahadi ta kewayo Baban Zilfa ya sake miƙewa a wurin da ya tsaya ya ba da shaida. Wannan karon sai da na baya suka miƙo wuya kafin su ji muryarsa. Ya ce, “Shaidar da na ba ku ƙarya ce. Mahaifina ba matsafi ba ne, mai tsaronmu ne. Ya kira ni zai nuna mini, na ƙi. Matata ta roƙe ni in tambaya, na ƙi. Na ɓata sunan matacce, na kuma kashe mai rai.” Ba wanda ya tafa. Waɗanda suka gyaɗa kai wancan makon suka sunkuyar da shi.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwana, ita ce wannan. Gidan nan ranka ne, wutar kuwa ƙarfi da himma da baiwar da Allah ya ba ka. Abu ne mai kyau, yana haskaka gida, amma ran da ya kauce hanyarsa kisa yake yi. Kada wani ya ce shi wayarsa ba ta ɓarewa. Kowace zuciya akwai ɓeranta, yana gaigaya a inda ido ba ya kai. Allah ya san haka, shi ya sa bai bar mu ba mafita. Ya ɗaure kowane lungu na zuciyar mai bi da hanyar tuba, wadda ke kwasar laifi ta kai shi gindin gicciyen Almasihu, a can ya nutse. Hanya ce da ba ta da ƙyalli, ba a tafa wa mutum don ya durƙusa a ɗakinsa ya ce na yi zunubi. Amma ita ce ke tsakaninka da hallaka.

Fis ɗin da ke ƙonewa kuwa, shi ne duk abin da ke hana ka sakewa in akwai laifi a ɓoye: lamirinka, tsautawar dattijo, maganar matarka da ba ka son ji. Na sani yana da ban haushi. Maƙwabta suna cikin haske, kai kaɗai ake ta katse wa jin daɗi. Da yawa a cikinmu, maimakon mu buɗe bango mu nemo inda waya ta ɓare, sai mu nemi abin da ke damunmu mu sare shi. Mu daina zuwa wurin wanda ke gaya mana gaskiya, mu sa masa suna maƙiyi. Sai kuwa hankali ya kwanta, mu ce salama ta samu. Ku ji ni da kyau, ba kowane shiru ne salama ba. Gidan Baban Zilfa bai taɓa zama cikin hatsari kamar makon da fitilunsa suka ci ba yankewa ba.

Abin da ya fi ci mini rai kuma shi ne, mutumin nan ba mugu ba ne. Da azumi ya yi abin da ya yi, da addu'a, da hawaye. Himma ce ba tambaya, ita kuwa ta fi ragwanci ɓarna, gama rago ko adda ba zai ɗaga ba. Ya hukunta ubansa da abin da Allah ya riga ya shafe shekara arba'in, ikilisiya kuma ta taya shi da tafi. Ku tuna fa, wanda ya sare wayar ba shi wutar ta kama ba. Haka zunubin taurin kai yake, sau da yawa marar laifin da ke kusa da kai ne ke ɗaukar zafinsa.

Ku dattawa, ku ma ban ƙyale ku ba. In yaro ya ɓata maka rai, kada ka tafi kabari da abin da zai cece shi. Ka haɗiye fushin, ka kama hannunsa, ka tona ƙasar ka nuna masa, ko zai zage ka sau bakwai. Tsohon nan ya tsare mutuncinsa da shiru, shirun kuwa bai tsare surukarsa ba.

In kun koma gida, ku nemi wanda ya san aiki ya duba muku koriyar wayar da ke bangonku, wannan ba misali ba ne, gaskiya ce tsagwaronta. Amma kafin nan, kowa ya tambayi kansa wace murya ce ya sare don ta dame shi, ya koma ya neme ta tun mai ita yana numfashi. Baban Zilfa ya tuba, na kuwa gaskata Ubangiji ya gafarta masa sarai, gama jinƙansa ya fi adda tsawo. Amma gafara ba ta buɗe kabari kafin ranar tashi. Zilfa tana girma. Wata rana za ta zauna a gabansa ta ce, “Baba, me ya kashe Mama?” Shi ne kuwa zai ba ta amsa da bakinsa.